Mutum 192 Da Ba A Tambaya Ba

Shekara uku da suka wuce wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ba ni aikin haɗa mata manhajar zaɓe. Ƙaramin aiki ne na mako biyu: kowane mamba ya shiga da lambar wayarsa, ya taɓa hoton wanda yake so, shi ke nan. Ranar zaɓe, kafin la'asar, ƙuri'un da suka shigo sun ninka yawan mambobin da ke rajista. Ashe akwai wata ƙofa da na manta ban toshe ba, wani ya gano ta, ya wuni yana turo ƙuri'u da lambobin da babu masu su. Na sha zagi a zauren WhatsApp, kuma na cancanta. Na toshe ƙofar, aka sake zaɓe, aka rantsar da shugaba, kowa ya manta.

Ni dai ban manta ba, domin a watannin ne nake karatun tarihin yankin Kansas na Amurka, na ci karo da lambobi biyu da suka yi mini kama da allon kwamfutata na wannan ranar. A farkon 1855 an yi ƙidaya a yankin, aka sami maza 2,905 masu ikon jefa ƙuri'a. Ranar 30 ga Maris aka yi zaɓen majalisar yankin, aka ƙirga ƙuri'u 6,307. Abin da ake zaɓa a kai kuwa ba shugabancin ƙungiya ba ne. Majalisar da za ta fito ita ce za ta faɗi ko ya halatta a mallaki mutum a Kansas, a saye shi, a sayar da 'ya'yansa.

Ga yadda aka kai ga haka. A 1803 Amurka ta sayi wata makekiyar ƙasa daga hannun Faransa, yamma da kogin Misisipi. Duk lokacin da za a yanki jiha daga cikinta sai rigima ta tashi: ta bauta ce ko ta 'yanci? Kowace jiha sanata biyu gare ta, don haka maganar ta wuce ta gonar auduga, ta zama ta wanda zai riƙe majalisar dattawa. A 1820 aka yi sulhu. Aka karɓi Misuri a matsayin jihar bauta, aka ja layi a kan taswira daidai digiri 36 da minti 30, aka ce sauran ƙasar da ke arewa da layin babu bauta a cikinta. Layin nan ya riƙe shekara 34.

Wanda ya share shi shi ne Stephen Douglas, sanata daga Illinois. Yana son layin dogo ya tashi daga Shikago ya ratsa yamma har bakin teku, dogo kuwa ba ya bi ta ƙasar da ba a kafa mata gwamnati ba. Kafa gwamnatin yana buƙatar ƙuri'un sanatocin Kudu, su kuma farashinsu ɗaya ne: a goge layin 1820. Douglas ya biya. Dokar Kansas da Nebraska, wadda Shugaba Franklin Pierce ya sa wa hannu ranar 30 ga Mayu 1854, ta ce majalisar tarayya ta tsame hannunta. Mazauna kowane yanki su ne za su yanke wa kansu ko suna son bauta ko ba sa so. Douglas ya kira wannan ikon jama'a. Daga baya ya fito fili a majalisa ya ce shi bai damu ba ko an zaɓi bauta ko an kayar da ita, damuwarsa a bar mutane su zaɓa.

Na san wannan dabara, domin a sana'armu kullum muna yin ta. Idan tambaya ta yi mana nauyi, ko masu aikin sun kasa daidaitawa, sai mu mayar da ita maɓalli a shafin saituna, mu ce mai amfani ya zaɓa da kansa. Muna kiran hakan girmama mai amfani, alhali sau da yawa gudun alhaki ne kawai. Amma dole in yi wa Douglas adalci: maganarsa tana da daɗin ji. Wa zai ƙi a ce jama'a su yanke wa kansu? Ai sunan dimokuraɗiyya ke nan.

Matsalar farko ta fito nan take. Idan mazauna ne za su zaɓa, wane ne mazauni? Wanda ya yi shekara, ko wanda ya iso jiya ya kafa turke a daji ya ce nan gonarsa ce? Sai abin ya koma tsere. Daga Massachusetts wani mai suna Eli Thayer ya kafa kamfanin da ke taimaka wa masu ƙin bauta su ƙaura zuwa Kansas, su ne suka kafa garin Lawrence a 1854. Misuri kuwa ba ta buƙatar kamfani, iyaka ce kawai tsakaninta da Kansas. David Atchison, wanda ya wakilci Misuri a majalisar dattawa, da kansa ya jagoranci masu tsallakawa. Suka zo a kan dawakai da kekunan doki, da bindigogi da wuƙaƙe, suka kewaye rumfunan zaɓe, jami'in da ya yi gardama suka kore shi, suka jefa ƙuri'a suka koma gida. Mutanen Arewa suka raɗa musu suna 'yan daban kan iyaka. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin zaɓe a ƙasarmu ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Majalisar da ta fito daga wannan zaɓe ba ta ɓata lokaci ba. Ta yi doka cewa wanda ya taimaki bawa ya tsere ana iya yanke masa kisa, wanda kuma ya furta ko ya rubuta cewa babu haƙƙin mallakar bayi a Kansas zai sha ɗaurin aƙalla shekara biyu da aiki mai tsanani. Masu ƙin bauta suka ce ba su san da wannan majalisa ba, suka taru a Topeka a ƙarshen 1855 suka rubuta nasu kundin tsarin mulki, suka zaɓi nasu gwamna. Yanki ɗaya, gwamnati biyu. Daga gabas aka riƙa aiko musu da bindigogi ƙirar Sharps cikin akwatuna, har mutane suka sa wa bindigogin suna Baibul ɗin Beecher, saboda wani shahararren mai wa'azi, Henry Ward Beecher, da ya taimaka wajen tara kuɗinsu.

Maguɗin da ya fi ba ni dariya ya zo ne a Oktoba 1857. Wani ƙauye mai suna Oxford, wanda gidajensa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ya aiko da ƙuri'u sama da 1,600. Da aka duba, sai aka ga an kwafo sunayen ne daga littafin adireshin mazauna birnin Cincinnati, can jihar Ohio. Wanda ya yi mini ta'asa a manhajata aƙalla ya wahalar da kansa ya ƙirƙiro lambobi.

To, karatuna na farko na mai gyaran manhaja ne. Na ce tsarin Douglas lafiyarsa ƙalau, ƙofa aka bari a buɗe. A yi rajista mai kyau, a tantance kowa, a sa sojoji su tsare rumfuna, a ƙirga a gaban kowa, magana ta ƙare. Na yi kwanaki a kan wannan ra'ayi ina jin na gane tarihi. Abin da ya rushe shi lamba ta uku ce a cikin ƙidayar nan ta 1855, wadda na tsallake da farko. Ƙidayar ta sami bayi 192 a Kansas.

A ce an ba ni aikin, na kuma yi shi babu aibi. Babu ɗan Misuri ko ɗaya da ya tsallako, babu sunan da aka kwafo daga Cincinnati, mutum 2,905 sun jefa ƙuri'a cikin lumana, 1,500 sun ce a yi bauta. Me na samu? Zaɓe mai tsabta wanda ya yanke cewa mutum 192, da 'ya'yansu, da jikokin da ba a haifa ba, kaya ne. Su ne hukuncin zai faɗa a kansu gaba ɗaya, kuma su kaɗai ne ba su da gurbi a rajistar. A rumbun bayanan Douglas sunansu ba ya cikin jerin masu zaɓe, yana cikin jerin abin da ake zaɓe a kai. Kenan kafin a buɗe rumfa ɗaya an riga an amsa tambayar, domin ba za ka yarda a kaɗa ƙuri'a kan ko wane dukiya ne ba sai ka riga ka yarda yana iya zama dukiya. Maɓallin da aka ce ba ya goyon kowa tun a masana'anta aka karkatar da shi.

Abraham Lincoln ya ga wannan tun a Oktoba 1854, a jawabinsa na garin Peoria, lokacin yana lauya da siyasa ta ajiye a gefe. Masu kare dokar suna cewa tun da ba a hana ɗan Arewa shiga sabon yanki da aladensa ba, bai kamata a hana ɗan Kudu shiga da bawansa ba. Lincoln ya amsa cewa hujjar ta tsaya daram, da sharaɗi ɗaya: in babu bambanci tsakanin alade da mutum. Ya ƙara da cewa mutum ya mulki kansa shi ne mulkin kai, amma ya mulki kansa ya haɗa da wani ba da yardarsa ba, wannan sunansa danniya.

Kuma ba bayin kaɗai aka bari a waje ba. Ƙasar da ake tseren cikawa an riga an yi wa ƙabilun asali alkawarinta, irin su Shawnee da Delaware da Kickapoo, waɗanda aka taso daga gabas aka zube a nan. A 1854 aka sa su sa hannu suka sallama yawancinta. Sunan Kansas ma na wata ƙabila ce, haka rafin Pottawatomie da zan zo kansa. Sannan kada mai karatu ya ɗauka masu ƙin bauta duk waliyyai ne. A Disamba 1855, lokacin da suka amince da kundin Topeka, sun kuma kaɗa ƙuri'a da babban rinjaye cewa kada a bar baƙar fata ya zauna a Kansas, ko da ɗa ne ba bawa ba. Da yawansu ba tausayin bawa ya kawo su ba. Gona suke so, kuma ba sa son yin gasa da mai gandu da ke noma da hannun da ba ya biya.

Illa ta biyu ta tsarin Douglas ita ce ta fi daɗewa a raina. Idan ka ce yawan kawuna ne zai yanke babbar magana irin wannan, ka mayar da kowane maƙwabci lamba. Mutumin da ke tsallaken rafi, wanda jiya ka ari gatarinsa, yau ƙuri'a ce a kan ka. Lamba kuwa hanya biyu ake canja ta, ƙari ko ragi. Thayer da Atchison sun yi ƙari. Ba a daɗe ba aka shiga ragi: a ƙona wa mutum ɗaki ya tattara ya koma inda ya fito, in ya ƙi a harbe shi. Majalisar tarayya ta ga wutar ta fi ƙarfinta, sai ta kwashe garwashin ta zuba a tsakar gidan manoma.

Mako guda a Mayu 1856 ya nuna haka. Ranar 21 ga wata mayaƙan ɓangaren bauta suka shiga Lawrence, suka farfasa injinan ɗab'in jaridu biyu, suka watsa haruffan ƙarfe a kogi, suka harbi babban otal ɗin garin da igwa sannan suka cinna masa wuta. Washegari a Washinton, ɗan majalisar wakilai Preston Brooks ya sami Sanata Charles Sumner zaune a teburinsa cikin zauren majalisar dattawa, ya yi ta dukansa da sanda har ya suma, saboda jawabin da ya yi a kan Kansas. Sai da Sumner ya yi shekara uku kafin ya dawo aiki sosai. Brooks kuwa sababbin sanduna aka riƙa aiko masa kyauta daga Kudu.

Daren 24 ga wata, wani dattijo ɗan shekara 56 mai suna John Brown ya fita da mutum bakwai, huɗu daga cikinsu 'ya'yansa ne, ɗaya surukinsa. Brown ya gwada jima, ya gwada cinikin ulu, duk ya karye. Abu ɗaya ne bai taɓa karyewa a kai ba: ya yi imani bauta zunubi ce da Allah ba zai bari ba. Kuma ya bambanta da yawancin fararen da ke ƙin bauta a zamaninsa, domin shi ya zauna cikin baƙaƙen manoma a North Elba ta jihar New York, yana cin abinci da su a teburi ɗaya, yana kiransu da girmamawa. Wannan mutumin ne ya ƙwanƙwasa ƙofar James Doyle a bakin rafin Pottawatomie cikin dare. Aka fito da Doyle da 'ya'yansa biyu, William da Drury. Matarsa Mahala ta yi ta roƙo har aka bar mata na ukun, John, mai shekara 16. Sauran aka ja su cikin duhu aka sassare su da takubba. Daga nan aka wuce gidan Allen Wilkinson, ɗan waccan majalisar ta maguɗi, matarsa na kwance da ƙyanda tana roƙo a bar shi ya yi jinyarta. Ba a bar shi ba. Na biyar shi ne William Sherman, wanda aka tsinci gawarsa a cikin rafin da safe.

Mutanen nan biyar magoya bayan ɓangaren bauta ne, wannan babu musu. Amma iyalin Doyle talakawa ne da suka taso daga Tennessee neman gona, ba su da bawa ko ɗaya. Shekara uku bayan haka, lokacin da Brown ke kurkuku yana jiran igiya, wasiƙa ta zo masa da sunan Mahala Doyle tana tuna masa wannan: ba zai ce don 'yanta bayi ya kashe mata miji da 'ya'ya ba, tun da ba su da su, ba su ma taɓa sa ran mallaka ba.

Na daɗe ina juya wannan dare. Akwai masu cewa Brown mahaukaci ne, su huta. Akwai masu cewa gwarzo ne, su tsallake daren Pottawatomie da sauri kamar mai tsallake kwata. Ni a ganina a kan maganar bauta Brown ya fi kusan kowane farar fata na zamaninsa gaskiya, har da Lincoln, wanda a lokacin iyakar burinsa a hana bauta yaɗuwa. Abin da ya yi a bakin rafin kuwa kisan kai ne, na mutanen da aka tasa daga barci ba makami a hannunsu. Gaskiyarsa a kan ta farko ba ta wanke ta biyu ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a daren nan Brown lissafin Douglas ya yi. Bai kwance wa bawa ko ɗaya mari ba. Ya dubi maƙwabtansa ya ga lambobi a ɓangaren abokan gaba, ya rage biyar, don sauran su tsorata su gudu. Mutumin da ya fi kowa ganin cewa baƙin bawa mutum ne, a wannan dare bai ga mutum a jikin Drury Doyle ba.

Masu kare shi suna cewa ai ya yi aiki, tsoro ya koma ɗaya ɓangaren. Abin da ya biyo baya dai shi ne damina guda ta ƙone-ƙone da kwanton ɓauna. Aka kama 'ya'yansa biyu da ba su je Pottawatomie ba, aka azabtar da babban har hankalinsa ya gushe na wani lokaci. Ranar 30 ga Agusta aka harbe ɗansa Frederick, aka ƙone garin Osawatomie. Ramuwa ta ci gaba da haihuwa: a Mayu 1858, kusa da kogin Marais des Cygnes, wasu 'yan ɓangaren bauta suka jera mutum 11 a cikin kwazazzabo suka buɗe musu wuta, biyar suka mutu.

Yanzu ga ƙalubalen da ya fi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma wani abokin aikina ne ya jefo mini shi muna shan shayi. Ya ce: to, ka ce akwai tambayar da ba a kai ta akwatin zaɓe. Wa zai faɗi wacce ce? Kai? Duk mai kama-karya da haka yake farawa, ya ce wannan magana ta fi ƙarfin talakawa. Brown ma ai cire ta ya yi daga akwati ya ɗora a kan takobi.

Tarihin Kansas ɗin ma yana goyon bayan abokina. A Maris 1857 Kotun Ƙolin Amurka, ta bakin Alƙalin Alƙalai Roger Taney, ta cire maganar daga hannun masu zaɓe a shari'ar Dred Scott. Sai dai ta cire ta ne ta ɗaya gefen: ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisar tarayya ba ta da ikon hana bauta a yankuna. A shekarar ne kuma ɓangaren bauta ya rubuta kundin Lecompton, ya ba jama'a zaɓi biyu, kundi da bauta ko kundi ba bauta. Wanda ya karanta ƙananan rubutun sai ya ga ko an zaɓi na biyun, bayin da ke Kansas da zuriyarsu suna nan a hannun iyayen gijinsu. Maɓalli biyu, waya ɗaya a bayansu. Na ga irinsa a manhajojin da ba sa son ka fita. Douglas, don girman Allah, ya yaƙi wannan kundi har ya ɓata da Shugaba James Buchanan na jam'iyyarsa. A Agusta 1858 aka yi zaɓe na gaskiya, mutanen Kansas suka yi watsi da Lecompton da ƙuri'a 11,300 a kan 1,788. Abokina ya ce ka gani, da aka toshe ƙofar ai akwatin ya ba da amsa mai kyau.

Ya ba da ita, amma don me? Don zuwa lokacin manoman da suka kwararo daga Ohio da Indiana da Illinois sun rinjayi na Misuri. Ɗauki akwatin nan, da tsabtarsa da komai, ka kai shi South Carolina a shekarar, zai ba ka bauta da gagarumin rinjaye, a jihar da bayi suka fi 'ya'ya yawa. Manhajar da ke ba da amsa daidai sai in an yi sa'ar masu shigowa, ba a cewa tana aiki.

Amsata ga abokina ita ce, ba ƙarfin yaƙinin mutum ne ma'auni ba. Taney yana da yaƙini, Atchison ma haka. Ma'aunin yana cikin dalilin da ya sa zaɓe yake da daraja tun farko. Me ya sa wanda ya faɗi yake haƙura? Don an ƙirga shi, kuma gobe ma za a ƙirga shi. Ya rasa kujera amma bai rasa kansa ba. Wannan alkawari shi ne jarin akwatin zaɓe. Ƙuri'ar da za ta fitar da wani daga cikin masu ƙirguwa har abada, shi da zuriyarsa, ba tare da an tambaye shi ba, ta cinye jarin da take ci da shi. Don haka wanda ya ce kada a kaɗa ƙuri'a a kan bauta bai raina jama'a ba, cewa ya yi jama'ar ba ta cika ba, saura mutum 192. Da wannan ma'auni hukuncin Taney ya faɗi, domin shi ma fitar da su ya yi. Daren Pottawatomie ma ya faɗi.

Na san wannan bai share wa wanda ke cikin wutar hawaye ba. Idan shugaban ƙasa da kotu da majalisa duk sun tsaya a bayan tambayar da ba ta halatta ba, gaya wa bawa cewa lissafin bai inganta ba ba zai cire masa sarƙa ba. A ƙarshe ma ba hujja ce ta cire ta ba. Masana tarihi da suka bi diddigi sun ƙirga kisan siyasa kimanin 56 a Kansas a waɗannan shekaru. Ranar 29 ga Janairu 1861 Kansas ta shiga tarayya a matsayin jihar 'yanci, a Afrilu yaƙin basasa ya ɓarke, ya ci rai sama da 600,000.

Kada kuma mu karanta wannan muna taɓe baki kamar labarin wasu ne can. A shekarun da Lawrence ke ci da wuta, rinjoji cike suke da bayi a ƙasar Kano da Zazzau, kuma sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya. Har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure ake bincike a gano ko kakan wane bawa ne.

Akwai dare na biyu a rayuwar Brown a Kansas, wanda ba a cika ba da labarinsa ba. A Disamba 1858 wani bawa daga Misuri mai suna Jim Daniels ya tsallako iyaka da sunan tallar tsintsiya. Ya nemi mutanen Brown ya gaya musu cewa za a sayar da shi da matarsa da 'ya'yansa a rabon gado, yana neman taimako. A duk shekarun nan na ƙidaya da rajista da kundi huɗu, wannan na cikin lokuta ƙalilan da maganar ta fito daga bakin wanda abin ya shafa, aka kuma yi aiki da ita. Daren 20 ga wata Brown ya raba mutanensa biyu suka shiga Misuri, suka fito da bayi 11. Wannan ma bai tafi ba jini ba: ɗaya rukunin ya harbe wani mai bayi, David Cruise, a gidansa. Aka sa kuɗi a kan Brown. Suka bi ta Kansas da Nebraska da Iowa cikin tsananin sanyi, a keken shanu, suna ɓuya da rana a gidajen masu taimako, daga baya aka saka su a taragon kaya zuwa Shikago, sannan Detroit. Tafiyar ta ɗauki kwana 82. A hanya matar Daniels ta haihu, aka sa wa yaron sunan John Brown. Ranar 12 ga Maris 1859 suka hau jirgin fito zuwa Windsor ta Kanada su 12, Brown yana tsaye a bakin ruwa. A watan Oktoba ya kai hari ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry, inda mutumin farko da mutanensa suka harbe ya kasance Heyward Shepherd, baƙar fata ne, ɗa, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa. Ranar 2 ga Disamba aka rataye Brown.